Fashin baƙi kan asusun ISA a Birtaniya: yadda zaka kwatanta abin da bankuna ke bayarwa ba tare da an ruɗe ka ba

Duk shekara da zarar watan Maris ya kama sai kaga bankunan ƙasar nan sun shiga rige-rige, wannan ya ce kashi kaza yake bayarwa, wancan ya ɗora ɗan wani abu a kai, talla ta ko'ina, a waya, a imel, har a jikin bas. A daidai lokacin ne kuma ƴan uwanmu da ke zaune a Birtaniya, masu aikin asibiti, masu kula da tsofaffi, da waɗanda suka gama karatu suka samu aiki, suke fara tambaya a guruf-guruf, wai wane banki ne ya fi bada ruwa a ISA? Ni kuma kullum amsata ɗaya ce, wannan lambar da aka rubuta da manyan baƙi ba ita ce zata shiga aljihunka ba. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Sai ka zauna da biro da takarda kafin ka san wanda ya fi.

Ga wanda bai san shi ba, ISA, wanda Turawan ke furtawa "aisa", asusun ajiya ne da gwamnati ta ce duk abin da kuɗinka ya haifa a cikinsa babu haraji a kai. An fara shi ranar 6 ga Afrilu 1999, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi. Yana da kala-kala, akwai na hannun jari, akwai na yara, akwai na masu tarin kuɗin sayen gidan farko, amma wanda nake magana a kai shi ne na tsabar kuɗi, wanda zaka zuba fam ɗinka su zauna su ɗan riƙa ƙaruwa. Iyakar abin da zaka iya zubawa a shekara fam 20,000 ne, haka yake tun 2017, kuma shekarar haraji a nan ba Janairu take farawa ba, daga 6 ga Afrilu ne zuwa 5 ga Afrilun baɗi. Abin da baka cike ba a wannan shekarar ya tafi kenan, ba a ɗauko maka shi zuwa gaba. Dalilin hayaniyar watan Maris kenan. Sharaɗin buɗewa kuma ka kai shekara 18, kana zaune a ƙasar, kana da lambar inshora ta ƙasa, wadda dama kowane mai aiki ke buƙata.

Toh inda mutane suka fi yin kuskure shi ne tun a matakin farko, da sun ji an ce "babu haraji" shikenan sai su ɗauka ISA ya fi kowane asusu. Ba kullum ba. Tun watan Afrilu 2016 gwamnati ta yi wa kowa wani rangwame ko da a asusun ajiya na yau da kullum ne. In kana cikin masu biyan harajin kashi 20, fam 1,000 na farko na ruwan da ka samu a shekara babu haraji. In kana cikin masu biyan kashi 40, wato abin da kake samu a shekara ya haura fam 50,270, rangwamenka fam 500 ne. In kuma ka haura 125,140 kana biyan kashi 45, baka da ko sisi. Kaga kenan mutum biyu zasu iya kallon asusu iri ɗaya, ga ɗaya ya zama alheri, ga ɗaya ya zama asara.

Bari mu ƙaddara lambobi don abin ya fito fili, waɗannan misali ne kawai ba farashin wani banki ba. Kana da fam 15,000. Asusun yau da kullum yana bada kashi 4.5, ISA yana bada 4.2. Na farkon zai haifa maka fam 675 a shekara, ISA kuma 630. In mai biyan kashi 20 ne kai, 675 ɗin nan bai kai 1,000 ba, babu wanda zai taɓa maka shi, don haka asusun yau da kullum ya fi da fam 45. Amma in likita ne kai ko wani mai albashin da ya shiga kashi 40, fam 500 kaɗai aka yafe maka, ragowar 175 za a cire kashi 40, fam 70 kenan, sai ka tashi da 605, ISA ya wuce shi. Kuɗi iri ɗaya, bankuna iri ɗaya, amsa daban.

In kuma kuɗin sun ƙaru lissafin sai ya juya har ga mai kashi 20 ɗin. A fam 40,000, wanda a ISA sai a shekara biyu ko fiye zaka iya zuba shi, asusun yau da kullum zai bada 1,800, a yafe 1,000, a cire 160 daga 800 da ya rage, ka tashi da 1,640, shi kuma ISA 1,680 cif. Hanya mai sauƙi da nake bi in na san na riga na cinye rangwamena ita ce in raba lambar ISA da 0.8, ko da 0.6 ga mai kashi 40. ISA mai kashi 4 daidai yake da asusun yau da kullum mai kashi 5 ga na farko, ga na biyu kuwa sai ya samu mai kusan 6.7 kafin su yi kunnen doki, kuma wannan ba abu ne da zaka tsinta a kasuwa ba.

Abin da ya sa maganar nan ta zama da zafi yanzu, alhali shekarun baya babu wanda ya damu da ita, shi ne babban bankin Ingila. A watan Maris 2020 ya sauke ruwansa zuwa kashi 0.1, a lokacin in banki yana baka rabin kashi ɗaya sai ka tara fam 200,000 kafin ruwanka ya kai 1,000, don haka mutane da yawa suka ce ISA bashi da wani amfani suka watsar. Daga Disamba 2021 aka fara ɗagawa, aka yi ta ɗagawa har ya kai 5.25 a watan Agusta 2023. A kashi 4.5, fam dubu 22 da ɗoriya kaɗan sun isa su kai ka bakin iyaka, mai kashi 40 kuma dubu 11 da ɗoriya. Shi kuma rangwamen tun 2016 yana nan inda yake ba a ƙara ko fam ɗaya ba, iyakar 50,270 ɗin ma an daskarar da ita tun 2021 alhali albashi yana ta ɗan hawa. Mutane da dama basu ma san sun shiga ba sai da suka ga albashinsu ya ragu, don bankuna da kansu suke kai wa hukumar haraji ta HMRC rahoton ruwan da ka samu, ita kuma ta canza maka lambar harajinka ta cire daga albashi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, ruwan asusun yau da kullum ana haɗa shi da albashinka wajen lissafin ajin da kake, in kana gab da 50,270 zai iya tura ka ciki, rangwamenka ya faɗo daga 1,000 zuwa 500. Na ISA ba ya shiga wannan lissafin sam.

Yanzu mu ce ka yanke ISA zaka buɗe. Nan ne ainihin aikin kwatancen yake.

Abu na farko, ka tabbata lambobin da kake jerawa iri ɗaya ne. Zaka ga haruffa uku, AER, kusa da lambar, wannan ita ce abin da kuɗinka zai haifa a shekara guda in ka bar ruwan a ciki yana haihuwa shi ma. Asusun da ke biyan kashi 4 wata-wata, AER ɗinsa 4.07 ne. Bambancin ba yawa amma in ka ɗauki AER na wannan ka gwada da ɗanyar lambar wancan ka riga ka karkace. AER da AER kawai.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi ci min rai, bonas. Da yawa daga cikin waɗanda zaka gani a saman tebur a shafukan kwatance irin su Moneyfacts da MoneySavingExpert, musamman sababbin kamfanonin manhajar waya, lambar tasu akwai bonas a ciki na ɗan lokaci, wata uku, wata shida, wani shekara guda, kuma sau da yawa na sababbin kwastomomi ne kawai. Ka ƙaddara an ce maka 4.8, amma kashi 1 a ciki bonas ne na wata uku. Wata uku kana kan 4.8, wata tara kana kan 3.8, in ka baje a shekara 4.05 ne. Wani banki can ƙasa a tebur da babu wanda ya kalle shi yana bada 4.3 babu bonas babu komai, a fam 10,000 shi zai baka 430, mai ƙyalƙyalin ya baka 405. Ban ce bonas abin gudu ba ne, in kai mutum ne mai sa ƙararrawa a waya, ranar da bonas ya ƙare ka kwashe kayanka ka yi gaba, toh ka ci moriyarsa. Amma su sun san mafi yawanmu ba zamu tashi ba, a kan haka suka gina lissafinsu. Mai shif na dare huɗu a jere ina yaga lokacin bin diddigin wata wasiƙa da banki ya turo?

Ni kaina ya taɓa faruwa da ni, wani banki da nake ajiya a wurinsu wa'adin asusuna ya cika suka mayar da kuɗin wani asusun da ruwansa bai kai rabin na da ba, alhali a lokacin suna tallata wani sabo mai tsoka ga sababbin zuwa. Sun turo saƙo, ban musa ba, amma ya shige cikin tarin saƙonni, sai bayan watanni na lura. Abin ya min ciwo ƙwarai don kuɗin gumi ne. Kuma gaskiya a nan ne asarar mutane take, ba a tsakanin 4.3 da 4.4 ba. Bambancin 0.1 a fam 10,000 fam 10 ne a shekara. Amma bambancin tsohon asusu mai 1.5 da sabo mai 4 fam 250 ne, duk shekara, kana zaune. Dan Allah kafin ka tafi neman wanda ya fi kowa, fara buɗe manhajar bankinka ka duba nawa ake baka a yau.

Sai maganar kullewa. Akwai ISA da zaka iya ciro kuɗinka duk lokacin da ka so, ruwansa kuma banki na iya sauke shi duk lokacin da ya ga dama, yawanci in babban banki ya sauke nasa, kamar yadda ya fara yi tun watan Agusta 2024. Akwai wanda sai ka bada sanarwar kwana kaza kafin ka cira. Akwai kuma na kulle, shekara ɗaya, biyu, har biyar, lambar da kuka yi yarjejeniya a kai ita ce har ƙarshe. Wani lokacin zaka ga na shekara biyar ruwansa bai kai na shekara ɗaya ba, kar abin ya baka mamaki, alama ce kasuwa na hasashen ruwa zai sauka nan gaba. Wani alheri da ISA na kulle yake da shi a kan asusun kulle na yau da kullum shi ne doka ta tilasta a barka ka fita in ka matsu, sai dai akwai tara, kuma tarar nan ita ce abin dubawa. Ana lissafa ta da kwanakin ruwa, wani ya ce na kwana 90, wani 180, wani shekara guda cur. Fam 10,000 a kashi 4, tarar kwana 180 kusan fam 197 ce. In bayan wata uku ka fita, abin da ka samu wajen fam 100 ne, kaga tarar ta cinye ruwan ta shiga cikin uwar kuɗi.

Mu kuma rayuwarmu a nan ba irin ta Bature ba ce da zai ajiye kuɗi ya manta da su. Waya ɗaya daga gida ta isa, rashin lafiyar mahaifi, bikin ƙanwa, kuɗin makarantar ƙanne, ga sabunta biza da kuɗin lafiya da ake biya tare da ita, ga tikitin jirgi in an yi rasuwa. Don haka a ganina kuskure ne mutum ya kulle duk abin da ya mallaka saboda ƙarin 0.2. Ka ware abin da zai riƙe ka na wasu watanni a inda hannunka zai kai, ragowar da ka tabbata ba zaka nema ba shi zaka kulle. Tun Afrilu 2024 ma an sauƙaƙa, zaka iya zuba kuɗi a ISA na tsabar kuɗi fiye da ɗaya a shekara guda a bankuna daban-daban, in dai jimillar bata wuce 20,000 ba, da can ɗaya tal aka yarda. Kuma ka kula da masu cewa "cira duk lokacin da ka so" amma a ƙasa da ƙananan baƙi an rubuta sau uku kawai a shekara, in ka yi na huɗu ruwan ya faɗo ƙasa warwas.

Akwai wata kalma kuma da zaka nema a takardar, ko asusun mai sassauci ne. Tun 2016 aka kawo wannan tsarin amma ba dole aka yi wa bankuna ba, wasu suna yi wasu basa yi. In mai sassauci ne, ka zuba 20,000 ka ciro 5,000 don wata lalura, zaka iya mayarwa kafin 5 ga Afrilu ba tare da an lissafa maka shi a matsayin sabon zubi ba. In ba shi ba ne, gurbin 5,000 ɗin nan ya tafi. Ga mai irin lalurorinmu wannan kaɗai ya fi ƙarin 0.1 daraja.

In ka samu wanda ya fi kuma zaka koma, wallahi kar ka ciro kuɗin da hannunka ka kai. Da zarar sun fito sun sauka a akawun ɗinka na albashi sun tashi daga ISA, rigar kariyar da suka tara shekara da shekaru ta cire, in zaka mayar sai dai su ci daga 20,000 na bana. Sabon bankin zaka je ka cike fom ɗin taransifa, su zasu karɓo da kansu, kuma ƙa'ida kar ya wuce ranakun aiki 15 tsakanin ISA na tsabar kuɗi da ɗan uwansa. Kuɗin shekarun baya da aka yi taransifa ba sa taɓa gurbinka na bana ko nawa ne. Sai dai ka duba tun farko ko sabon asusun yana karɓar taransifa, don wasu masu lamba mai kyau sabon kuɗi kawai suke so, wasu kuma suna karɓa amma babu bonas a kansa.

Batun tsaro ba sai na ja shi ba. Hukumar FSCS ce ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, shekaru da dama iyakar fam 85,000 ce ga mutum ɗaya, daga 1 ga Disamba 2025 ta koma 120,000. Amma da lasisi ake lissafi ba da sunan da ke jikin ƙofa ba, HSBC da First Direct lasisinsu ɗaya, haka Halifax da Bank of Scotland. Su kuma kamfanonin manhaja da yawansu ba bankuna ba ne, wani bankin suke kai kuɗinka su ajiye, sai ka bincika wanne ne.

Na san tun daga sama akwai mai karantawa yana cewa duk wannan ai kuɗin ruwa ne, ina ruwan Musulmi da shi. Tambaya ce mai nauyi kuma da yawanmu ita ce ta sa kuɗinsu ke kwance a akawun ɗin albashi babu abin da suke haifarwa, tsadar kaya tana cin su a tsaye. A watan Oktoba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 11.1, wanda ya bar fam 10,000 a kwance shekarar nan lambar bata canza ba amma abin da zata saya ya zabge da kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da nake so mutane su sani shi ne akwai ISA na tsarin Musulunci. Al Rayan Bank, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, da Gatehouse Bank, duk sun yi ISA na tsabar kuɗi. Su ba ruwa suke bayarwa ba, juya kuɗin suke a harkokin da majalisar malamansu ta amince da su, irin su gidaje da kadarori, su baka kaso daga abin da aka samu. Shi ya sa lambarsu ake kiranta ribar da ake sa ran samu, ba alkawari ne yankakke ba, in suka ga ba zasu kai ba sai su sanar da kai. Suna ƙarƙashin FSCS kamar kowane banki, kuma an sha ganinsu a saman teburan kwatance har waɗanda ba Musulmi ba suna rububinsu. Duk abin da na faɗa a sama na tara da wa'adi da taransifa ya hau kansu su ma, haka ma harajin, ribar asusunsu na yau da kullum hukuma tana lissafa ta kamar yadda take lissafa ruwa. Hukuncin shari'a a kan tsarin nasu kuma na malamai ne, ka samu wanda ka yarda da iliminsa ka kai masa takardar yarjejeniyar ya duba. Kuma yafewar da gwamnati ta yi ta haraji ce kawai, zakka tana nan, in kuɗin sun kai nisabi shekara ta zagayo zaka fitar da kashi 2.5.

Akwai canji a tafe da ya kamata ya shiga lissafin duk mai tunanin jinkirtawa. A kasafin kuɗin watan Nuwamba 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilu 2027 wanda bai kai shekara 65 ba fam 12,000 kawai zai iya zubawa a ISA na tsabar kuɗi a shekara, ragowar 8,000 sai dai ɓangaren hannun jari, kuma a lokaci guda harajin ruwan ajiya zai hau da maki biyu, 20 ya koma 22, 40 ya koma 42, 45 ya koma 47. Ƙofar tana ƙanƙancewa, abin da ke wajenta kuma harajinsa na ƙaruwa. Wannan ya sa ko a misalin farkon nan da asusun yau da kullum ya fi da fam 45, in mutum ne da ajiyarsa ke girma kowace shekara ko albashinsa ke dosar 50,270, ni zan ce ya haƙura da 45 ɗin ya shigar da kuɗin ISA, don abin da ya shiga ya samu kariya ba ta shekara ɗaya ba, har ranar da zai cire.

Ga masu niyyar komawa gida kuma, ko masu tsallakawa Saudiyya ko Kanada bayan ƴan shekaru, ba sai ka rufe asusun ba. Zaka sanar da bankin ka bar ƙasar, kuɗin su ci gaba da zama babu harajin Birtaniya a kansu, zaka ma iya yi musu taransifa zuwa wani bankin in ya yarda ya karɓe ka, amma sabon zubi ya tsaya daga ƙarshen shekarar harajin da ka tafi sai in ka dawo da zama. Yafewar kuma ta Birtaniya ce kaɗai, ƙasar da ka koma tana da nata dokokin a kan kuɗin da kake samu daga waje. Kafin ka hau jirgi ka tabbata lambar wayar da bankin ke turo maka lambar sirri a kanta zata ci gaba da aiki a inda zaka, in ba haka ba kuɗin naka ne amma shiga asusun zai zame maka aiki.